Kukan Tulun Baya

Litinin da hantsi

Zuwa ga Yaya Sifana, sarkin masu baƙin farce,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da duwatsun da kuke fasawa a can inda ko waya ba ta shiga. Gwaggo mahaifiyarka lafiyarta ƙalau, jiya ma na je na cinye mata abincin da ta ajiye wa baƙo. Inna tana gaishe ka. Jikin Baba da sauƙi. Ya fara motsa yatsun hannun da ya shanye, magana kuma tana fita, sai dai sai ka kasa kunne sosai. Likita ya ce nan da mako uku za a sallame shi.

Yanzu ka nemi wuri ka zauna, don na yi ɓarna.

Ka san tsohuwar motar Baba, wadda ta girme ni ta girme ka, wadda ko ƙuda ba ya yarda ya sauka a kanta. Ka kuma san tun da aka haife ni Baba bai taɓa ba ni ajiyar ko allura ba. To, ranar da bakinsa ya buɗe a asibiti, ya sa Inna ta ciro makullin daga aljihun rigarsa, ya damƙa mini da hannun hagu. Ya ce in riƙa tayar da ita kowace safiya, in zaga da ita kaɗan. Sannan ya ce, "Kai za ka ɗauko ni da ita." Ni, Yaya. Yayuna biyu suna tsaye a wurin, ya tsallake su.

Ga abin da na yi. Tela, mijin Yaya Babba, ya zo gida yana ta fankama da wani sabon turare, yana shafa wa mutane a bayan hannu ba su roƙa ba. Inna kuwa tun kwanciyar Baba ba ta yi ko murmushi ba. Sai na tuna warin man nan da ke cikin tulun baya, wato ƙullutun ƙarfen da ke tsakanin tayoyin baya, mai wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Na shiga ƙarƙashin mota, na sassauta notin ƙasa, na tari cokali ɗaya, na ɗura masa a kwalbar turaren. Ya shafa ya tafi kai wa wasu manya ɗinki. Da ya dawo yana zage-zage, Inna ta yi dariya har da riƙe ciki. Wannan kam ban yi nadamarsa ba.

Abin da ya kashe ni, da hannu na mayar da notin, ban ɗaure da sifana ba. Washegari na buɗe gareji na tarar da man duk ya tsiyaye, ya kwanta a siminti kamar an yanka baƙar akuya. Na goge da tsummoki da yashi. Na tafi can nesa inda ba a san Baba ba, na sayo man giya, na cika ta ramin gefe har ya fara dawowa, kamar yadda na sha ganin kuna yi. Na ɗaure noti tamau.

A miƙaƙƙiyar hanya lafiya lau. Amma da na zo shan kwana a bakin layinmu, sai bayan motar ya kama kaf-kaf-kaf, tana girgiza kamar mai zazzaɓi, tayar ciki tana jan ƙasa. Kowace kwana haka, dama da hagu.

Ba zan iya kai ta wurin kowane makanike a nan ba. Duk yaran Baba ne ko abokansa, kuma kullum suna hanyar asibiti. Kafin in rufe baki ya ji. Kai kaɗai ne ka koyi aiki a hannunsa kuma kake nesa da kunnensa. Don girman Allah me na yi mata, kuma me zan zuba? Ka ba direban motar kayanku amsa ya dawo mini da ita ranar Juma'a.

Ƙaninka,
Ƙaiƙayi

*

Laraba

Ƙaiƙayi, bawana,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nake, sai ƙura da aiki. Na ji daɗin labarin jikin Kawu ƙwarai, Allah ya ƙara sauƙi. Ka gaida Inna, ka ce wa mahaifiyata ta daina ajiye abinci inda kake gani.

Na karanta tatsuniyarka. Ta yi daɗi, har na karanta wa abokan ɗakina wajen turaren Tela. Ka ƙware. Amma bara ma haka ka rubuto mini cewa rufin gareji ya rufta a kan motar. Na ɗauki hutu, na yi tafiyar kwana biyu a bayan motar kaya, na zo na same ka a kan rufin kana cin gyaɗa kana jefo mini ɓawo. Wannan karon ba ni zuwa ko'ina.

Ka ma yi sakaci a wajen ƙaryar. Kawu ya tsallake yayunka ya ba ka makulli? Da cewa ka yi ka sace shi, da na ɗan yarda.

In kana son shawarata, ka zuba mata turaren Tela, ƙila ta huce.

Ubangidanka,
Sifana

*

Juma'a, amma sai Litinin za ta tafi

Yaya,

Gaisuwa. Kowa lafiya. Baba ya taka ƙafa uku jiya, ana riƙe da shi.

Na karanta takardarka a bayan gareji na zauna a ƙasa. Ka cinye mini mako guda cur. Ba na ganin laifinka, ni na saya da hannuna, amma wallahi tallahi wannan ba wasa ba ne. In ƙarya nake yi, kada Allah ya ba ni ikon sake yin dariya. Ka san ba ni da abin da ya fi wannan da zan rantse da shi.

Ga shaida. A cikin ledar nan akwai tsummoki biyu. Mai ƙulli ɗaya, tsohon man da ya tsiyaye ne. Mai ƙulli biyu, wanda na sayo na zuba. Kai da ka ce hancinka ya fi na kare, ka sansana. Ga kuma ƙaramin faranti na ƙarfe da na tarar an ɗaure a jikin notin tulun, da rubutun boko a kai wanda ya fi ƙarfina. Na kwance shi na haɗo maka. Da a ce wasa nake yi, ka san ba zan taɓa cire wa motar Baba ko ƙusa ba.

Kullum in na shiga ɗakin asibitin, kafin ya tambayi Inna sai ya tambayi mota. Bakinsa a karkace, sai ya haɗa ƙarfinsa duka ya ce, "Ta tashi?" In ce ta tashi. Ya ce, "Lafiya?" In ce lafiya lau, Baba. Sai ya lumshe ido ya saki jiki a kan filo. Na yi wa mutane ƙarya iri-iri a duniyar nan ina jin daɗi. Wannan kuwa duk ranar da na yi ta sai na fita bayan ɗakin na yi amai.

Likita ya ja Inna gefe ya ce kada a kawo masa abin da zai tayar masa da hankali, wai jininsa bai gama zama ba. To ka gaya mini, ranar da na ɗauko shi, muka sha kwanar farko a ƙofar asibiti ta yi kaf-kaf-kaf, me zai faru da shi a kujerar nan?

Ba zuwa nake so ka yi ba. Sunan mai kawai.

Ƙaiƙayi

*

Laraba

Ƙanina,

Ka yafe mini. Ina ganin farantin nan na san ba wasa kake ba, don ni na ɗaure shi da hannuna shekara tara da suka wuce, Kawu yana tsaye a kaina.

Ka kwantar da hankalinka, ba ka kashe ta ba tukuna. Tulun motar nan ba irin na sauran motoci ba ne. A cikinsa akwai wasu siraran faya-fayai da ke riƙe tayoyin biyu, don kada ɗaya ta yi ta juyi a banza in ta hau santsi. A kwana dole su ɗan zame wa juna a hankali. Man giya na gama-gari ba ya barinsu su zame da laushi, sai su kama su saki, su kama su saki. Shi ne ƙarar da kake ji. Abin da suke so shi ne man giya mai kauri wanda aka haɗa da wani sinadari na musamman.

Ba sai ka haddace dogon suna ba. Na san da ajami muke rubuta wa juna tunda shi ka fi iyawa, amma na san ka gane baƙaƙen boko ɗaya-ɗaya daga lambar mota. Haruffa biyu kawai za ka nema a jikin gwangwanin, ga su na zana maka da girma: LS. In babu su, kada ka karɓa, ko mai shagon ya rantse maka da kabarin kakansa. Masu shago za su ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne.

Ka ɗan zaga da ita man ya yi ɗumi, ka juye na ciki tas, ka zuba sabon, ka ɗaure notin da sifana, ba da yatsun nan naka na sata ba. Sannan ka tuƙa ta ya ratsa ko'ina.

Akwai sauran lokaci. Ka ci abinci.

Yayanka

*

Lahadi

Yaya Sifana,

Muna lafiya. An tsayar da ranar sallamar Baba, Asabar mai zuwa. Ka lissafa da kanka.

Yaya, ta ƙara lalacewa.

Duk abin da ka ce na yi, ban tsallake ko ɗaya ba. Ban tafi da takardarka shago ba, don asirina duk yana ciki, haddace haruffan na yi. Na je wani babban shago a hayin gada na ce a ba ni mai mai kauri, mai S da L a jiki. Mai shagon ya ce na wace mota. Na ce ba ruwansa. Ya ce wannan ai na inji ne, in na giya nake nema ga shi can. Na tuna ka ce za su yi mini gardama, sai na ce masa wanda ya aiko ni ya fi shi sanin mota tun yana tsumman goyo. Ya ɗaga kafaɗa ya miƙo. Na duba da idona, ga S ga L, manya-manya.

Da na buɗe har daɗi na ji. Garau kamar zuma, kuma babu warin nan ko kaɗan. Na ce lallai wannan shi ne na manya. Na juye tsohon, na zuba shi, na ɗaure da sifana har sai da kafaɗata ta amsa. Ka ce in tuƙa ta ya ratsa, sai na hau babban titi na bayan gari, na taka ta sosai, kusan awa ɗaya zuwa da dawowa.

A hanyar dawowa ta fara wani sabon kuka. Ba kaf-kaf ɗin ba, shi yana nan inda yake. Wannan siriri ne, wuuuu, daga ƙarƙashin kujerar baya, kamar mace tana kuka a ɗaki na uku. In na taka ya ƙaru, in na ɗaga ƙafa ya sauya murya. Da na iso gareji na kai hannu jikin tulun, sai da fatar yatsana ta tashi.

Na zauna a gaban motar nan har aka kira la'asar ban sani ba. Na yi tunanin in gudu in zo wurinka in riƙa fasa dutse. Na yi tunanin in ce an sace ta. Na ma yi tunanin in faɗa rami da ita in karya ƙafa, don a ji tausayina a manta da ita. Ka ga inda kaina ya kai.

Ko dai ramuwar rufin gareji ce ka yi mini? In ita ce, ka rama, ka ci, na durƙusa. Amma ba ni ka buga ba, Yaya, Baba ka buga. In kuma ba ita ba ce, to me na sake yi?

Ga gwangwanin na haɗo maka, babu komai a ciki.

Ƙaiƙayi

*

Laraba, a tsaye nake rubutawa

Ƙanina,

Inna lillahi. Kada ka sake tayar da ita. Ko makullin kada ka sa.

Ba ramuwa ba ce, wallahi. Na juya gwangwanin nan a hannuna ya fi sau ashirin ina cewa ta yaya, ta yaya, sai da na sake zana haruffan a tsakiyar layin ajami na karanta yadda za ka karanta. Kai daga dama kake tahowa. Ka iso kan S tukuna, sannan L. Ni kuma da na zana su, daga hagu na faro, yadda suke a boko. L ce farko, sannan S. Wanda ka sayo baƙin mai ne na inji, mai shagon gaskiya ya gaya maka, ni kuma na riga na toshe maka kunne. Rabin laifin nan nawa ne, kuma zan faɗa a gaban kowa.

Man inji ba ya iya tsayawa tsakanin haƙoran ƙarfen da ke cikin tulun. Matsin ya fi ƙarfinsa, sai ƙarfe ya ci ƙarfe. Kukan da ka ji ke nan.

Na bi ma'ajiyarmu kaf babu irin man, sai a wurin wani tsoho mai gyaran motocin shugabanni na samu. Galan ɗin yana hannun direba, na ɗaure bakinsa da jan ƙyalle. Kada ka karanta komai a jikinsa, ka zuba kawai. Ya isa sau biyu. Ka juye na ciki a farin kwano ka duba a rana. Ka zuba rabin farko, ka zaga layi a hankali, ka juye, wannan wanki ne. Sannan ka zuba na biyu. Ka nemi fili ka yi ta zana takwas da motar, a hankali, kamar sau goma sha biyar. Takwas ɗin boko nake nufi, mai kama da ƙwai biyu ɗaya a kan ɗaya, ba takwas ɗin allo mai kama da bukka ba. Ka ga na fara hankali.

Kaf-kaf ɗin zai tafi in Allah ya so. Kukan kuwa ba zan yi maka ƙarya ba. In haƙoran sun ciwu, babu man da zai mayar da su. Sai an sauya, kuma irin nasu sai na yi wata ina cigiya.

Shawara ɗaya, ka ɗauka ko ka bari. Mutumin da ya koya mini jin ciwon mota daga ƙofar gareji, ba za ka ɓoye masa wannan ba. Gara ya ji daga bakinka kafin ya ji daga bakinta.

Yayanka

*

Lahadi da yamma

Yaya,

Assalamu alaikum. Baba yana gida. Yana ɗakinsa yanzu, Inna tana shafa masa mai a ƙafa. Jininsa lafiya, an auna yau da safe. Na fara da wannan don na san shi za ka fara nema.

Galan ya iso. Da na juye na ciki a farin kwano na fita da shi rana, sai ƙyalli yake yi kamar an barbaɗa kwalli. Na gane abin da ka ce in duba, garin ƙarfen haƙoran ne. Na yi wanki, na zuba na biyu, na tafi filin bayan ma'ajiyar katako na yi ta zana ƙwai biyu, masu gadi suna kallona suna cewa yaron nan ya taɓu. A zagaye na tara ƙarar ta ragu. A na goma sha uku ta ɗauke ɗif. Na kifa kai a sitiyari na yi kuka kamar an yaye ni.

Amma wuuuu ɗin yana nan. Ya yi ƙasa sosai, sai an wuce sittin yake fitowa.

Ban ɗauki shawararka ba, kada in yi maka ƙarya. Na shirya dabara. Zan bi ta cikin layuka, ba zan wuce talatin ba, zan kunna rediyo, na kuma roƙi Yaya Babba ta zauna a baya ta yi ta surutu, abin da ba sai an roƙe ta ba.

Aka turo shi a keke har bakin mota. Ya daɗe yana shafa murfin gaba da hannun hagu. Muka ɗaga shi muka sa a kujerar gaba. Kwanar ƙofar asibiti ta wuce sumul, kamar an shafa mata man shanu. Na saki numfashi. Sai ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Ya ɗaga yatsa ɗaya, Yaya Babba ta haɗiye maganarta a tsakiya. Ya nuna mini hanyar babban titi.

Ya ce, "Taka."

Na taka kaɗan.

"Taka."

Arba'in, hamsin, sittin. Ta fara. Ya karkatar da kai yana saurare, idonsa a rufe. Ya ce in ɗaga ƙafa, na ɗaga, ta sauya murya. Ya ce in sake takawa. Sannan ya ce, "Tsaya."

Na gangara gefen titi na kashe ta. Ban jira ya tambaya ba. Na faro tun daga cokalin turaren Tela, da notin da na ɗaure da hannu, da mai na farko, da na biyu, da duk "lafiya lau" ɗin da na yi ta ce masa a gadon asibiti. Na ce ka ce rabin laifin naka ne, amma ƙarya kake yi, duka nawa ne. Ina magana ina kallon jijiyar wuyansa, ina jiran in ga abin da likita ya ce. Inna a baya sai salati take yi ƙasa-ƙasa.

Wata babbar mota ta wuce ta girgiza mu. Sannan ya ce, "Wane mai ne a ciki yanzu?"

Na ce, "Na Yaya Sifana. L, sannan S."

Ya gyaɗa kai. Na ce masa ka yi alkawarin nemo sababbin haƙora, wata ɗaya kawai, za ta koma kamar ba a taɓa ta ba. Na zare makullin na miƙa masa da hannu biyu.

Bai karɓa ba. Ya dube ni, ka san kallon. Maganar ta yi masa wuyar fita, sai da ya yi ta sau biyu kafin na gane.

"Ba za a sauya ba. Kai ka sa mata kukan. Kai za ka riƙa jin sa."

Daga nan muka dawo gida, kuma har yanzu bai yi mini dariya ba. Ni ma ban nemi ya yi ba.

Don haka ka bar cigiyar haƙoran, ka huta. Likita ya ce a riƙa kai shi motsa jiki sau uku a mako, har wata shida. Ɗazu Inna ta leƙo gareji ta ce in shirya gobe ƙarfe takwas. Na ce mata ta cikin layuka ya fi kusa. Ta ce ta gaya masa haka, ya ce ta babban titi za a bi.

Ƙaninka,
Ƙaiƙayi